Yadda za ka nemi takardun fanshon naƙasa ba tare da ka tona asirin kowa ba

Sana'ata rubuta wa mutane takardun neman haƙƙi a nan Damagaram, kuma masu zuwa wurina kan fanshon naƙasa iri biyu ne. Akwai mai son ganin abin da aka rubuta a kansa. Akwai kuma mai son sanin nawa maƙwabcinsa ke karɓa, don a ganinsa mutumin lafiyarsa ƙalau. Na farko nan take nake rubuta masa. Na biyu sai mun zauna mun yi magana.

Fara da sanin inda dosiyenka yake. In kamfani ko ƙungiya ka yi wa aiki, CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, za ka nufa. In ma'aikacin gwamnati ne kai, CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati. Rubuta wasiƙa gajera da Faransanci, domin ko da yake Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, aikin biro bai rabu da Faransanci ba. Sa sunanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambarka ta asusun, sannan ka faɗi takardar da kake so da sunanta: hukuncin da aka yanke a kanka, ko lissafin kuɗinka, ko rahoton likita. Wanda ya rubuta "ina son dosiyena" kawai, yawo zai sha. Ka ambaci dokar 2011-22 ta ran 23 ga Fabrairu 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar samun takardun hukuma. Yi kofi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, ka koma gida da ita.

In na Baba ne ko na Inna da ba su iya fita, kada ka dogara da cewa kowa ya san kai ɗansu ne. Su ba ka takardar wakilci, a tabbatar da sa hannunsu a ma'aikatar magajin gari ko a komisariya. Ma'aikacin da ya hana ka dosiye don babu wannan takarda, mahaifinka yake karewa, kada ka ji haushinsa.

Wurin fotokofi ka tsaya a kan takardarka har a gama. Karɓi kofin da ya lalace, ka biya shi, ka yage da hannunka, kuma kada a ajiye hoton rahoton a kwamfutar shago. Na taɓa ganin takardar asibitin wani bawan Allah an naɗe ƙosai da ita, sunansa da cutarsa a fili.

To, mai zargi fa? Ban raina damuwarsa ba. Kuɗin nan gumin ma'aikata ne da dukiyar ƙasa, kuma talaka na da haƙƙin tambayar inda suke tafiya. Sai dai tambaya tana da hanya. Nemi sharuɗɗan da ake bi kafin a ba mutum fanshon. A CNSS, misali, sai likita ya tabbatar ciwo ya hana shi samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da irinsa ke samu. Nemi yawan masu karɓa a jihar Damagaram da jimillar abin da ake biya a shekara. Ka rubuta ƙarara cewa ba ka neman suna ko cutar kowa, don wannan jimla ce ke sa ma'aikaci ya saki jiki da kai. Kada ma ka nemi a rarraba maka ƙauye-ƙauye: inda mutum biyu ne ke karɓa, adadin kansa ya fallasa su.

In wani takamaimai kake zargi, rubuta wa asusun da ke biyansa, su ne ke da likitan da zai sake duba shi. Ganin mutum yana tafiya masallaci da ƙafarsa bai nuna komai ba. Farfaɗiya, ciwon ƙoda, taɓin hankali, duk ba a ganinsu a fuska, kuma a garinmu magana irin wannan in ta fita tana iya ɓata auren ɗiyarsa, yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Shi ya sa ba na rubuta wa kowa wasiƙar neman rahoton likitan wani, ko nawa zai biya ni.

In kuma taka takardar ce aka watsa a WhatsApp ko Facebook, kada ka tsaya cacar baki. Ɗauki hoton saƙon yadda lambar wanda ya turo da ranar za su fito, ka nemi mutum biyu da suka gani. Dokar kare bayanan mutum, ta 2017 da wadda ta gaje ta a 2022, ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta wa tsaro, kuma HAPDP, hukumar kare bayanan mutum da ke Yamai, tana karɓar ƙorafi a kai. Aika mata wasiƙa tare da hotunan, ka kai kofi ga shugaban asusun da dosiyenka yake, ka roƙi a binciki ta hannun wa takardar ta fita.