Yadda Ake Tunkarar Tiyatar Gwiwa Idan Ƙashi Ya Ɓantare Daga Ciki

Ciwon da likitoci ke kira ostiyokondaraitis disikans yana faruwa ne idan jini ya daina isa wani ɗan yanki na ƙashin cinya da ke ƙarƙashin guringuntsin gwiwa, sai wurin ya mutu, ya fara rabuwa da sauran ƙashin, har wani lokaci ya ɓalle ya riƙa yawo cikin gaɓar. A jikin yaro yakan warke da hutu, amma ga baligin da ƙashinsa ya gama girma, da wuya ya haɗe ba tare da tiyata ba.

Duk wanda gwiwarsa ke kumbura bayan wunin gona, ko take sarƙewa ta ƙi miƙewa idan ya taso daga sujada, ya kamata ya fara da hoton ƙashi a babban asibitin ƙaramar hukumarsa, sannan ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can za a buƙaci hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, domin shi ne ke nuna ko ɓantaren yana nan daram ko ya fara girgiɗi. Ina girmama masu ɗori, amma wannan ba karaya ba ce da hannu zai lalubo, kuma murza da tausa na iya ƙarasa ɓalle abin da ake da damar cetowa.

Galibi ana yin aikin ne ta ƙananan ƙofofi, da ƙaramar kyamara da ake zurawa cikin gaɓar. Idan ɓantaren yana da sauran ƙwari, likita zai kankare gurbinsa, ya huda ƙananan ramuka domin jini ya dawo, ya mayar da shi ya ɗaure da kusoshi, na ƙarfe ko waɗanda ke narkewa a jiki. Wannan shi ne abin so, don babu guringuntsin da ya kai wanda Allah ya halicci mutum da shi. Idan kuwa ya ragargaje, sai a cire shi a cike gurbin: ƙaramin rami a huda shi har ɓargo ya tsattsafo ya toshe, wanda ya fi girma kuma a yanko ƙashi da guringuntsi daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi a dasa. Lallai majinyaci ya tambayi likita abin da za a yi wa gurbin, saboda cirewa kawai a bar rami tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma tana gaggauta zaizayewar gaɓar.

Jinyar bayan aiki ita ce ta fi wahalar da manomi. Ana tafiya da sanduna kimanin mako 6 ba tare da an taka ƙafar sosai ba, ana zuwa gashin ƙashi a kan kari, kuma komawa aikin ƙarfi kan ɗauki wata 4 zuwa 6, ko fiye. Saboda haka, idan likita ya ce jira ba zai cutar ba, a sa ranar bayan an gama kaka, domin ranin ya tafi a jinya kafin faɗuwar damina. A tanadi kujerar sallah da ta makewayi tun kafin a tafi, tunda za a hana tsugunno da durƙuso, kuma mai shan taba ya daina, domin tana hana ƙashi haɗewa. Zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinkin, ko kumburin sha-raɓa mai zafi, kowanne na bukatar komawa asibiti a ranar, ko da ranar ganin likita ba ta zo ba.