Yadda ake ceto fayiloli daga filashin da bairos ya mayar shotkat

Ran nan ƙanwata ta dawo daga shagon buga takardu idonta cike da ƙwalla. "Yaya, furojet ɗina ya tafi, babi huɗu cur." Na sa filashin a kwamfuta. Foldoji duk suna nan da sunayensu, amma kowacce da 'yar kibiya a gindinta, nauyinta bai wuce 2 KB ba. Na duba cikin filashin, sai na ga a cike yake kamar yadda yake a da. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ɓoye kayan aka yi, ba share su aka yi ba. Masu gyara suna kiran wannan cuta bairos ɗin shotkat (shotkat shi ne ɗan fayil mai kibiya da ke nuna hanyar zuwa wani fayil kawai), kuma duk mai yawo da filashi tsakanin kafe da ofis da shagon firintin sai ya gamu da ita, ko ba daɗe ko ba jima. Ga yadda na bi da ita a kan Windows. Kusan kowane mataki, wata tsohuwar cuta ce ta koya wa duniya shi, bayan an sha wuya.

Mataki na 1: Kada ka danna waɗannan foldoji masu kibiya

Tarkon ke nan. Kana dannawa folda za ta buɗe, ka ga kayanka, ka yi hamdala, alhali a bayan fage wani ɗan rubutun umarni ya riga ya shige kwamfutarka. Daga nan duk filashin da aka soka mata ya kamu.

Hanyar tsohuwa ce. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta Brain, wanda ake ɗauka a matsayin bairos na farko na kwamfutocin IBM PC. A kan faifan fulofi yake yawo daga hannu zuwa hannu, kuma har adireshin shagonsu da lambar waya suka rubuta a cikinsa. Fulofi ya mutu, filashi ya gaje shi da cutar duka. A 2008 filashi guda da aka soka wa wata kwamfutar sojojin Amurka a Gabas ta Tsakiya ya shigar da Agent.btz cikin hanyoyin sadarwarsu, har aka haramta musu filashi baki ɗaya, aka kwashe wata 14 ana shara. Stuxnet kuwa, da aka gano a 2010, ta filashi ya isa cibiyar tace yuraniyom ta Natanz a Iran, wadda ba ta haɗe da intanet, ya lalata injunan da ke juyawa a ciki. Da fayil ɗin shotkat ya yi amfani shi ma, kuma nasa ko dannawa ba ya jira, Windows ta nuna hoton shotkat ɗin kawai ya wadatar. Microsoft ta toshe wannan ƙofa a watan Agusta na shekarar.

Mataki na 2: Sa Windows ta nuna cikakken sunan kowane fayil

Buɗe File Explorer, ka shiga View, ka sa alama a File name extensions da Hidden items. A Windows 11 suna ƙarƙashin Show. Yanzu za ka riƙa ganin wutsiyar kowane suna: .docx, .pdf, .jpg. Abin da ya ƙare da .vbs ko .exe ko .js ko .bat a filashin da ba ka ajiye manhaja a ciki ba, baƙo ne.

Har yau ina mamakin yadda Windows ke zuwa da wannan wutsiya a ɓoye. A watan Mayu na 2000 wani saƙon imel ya fito daga Manila ta Filifin mai taken ILOVEYOU, ɗauke da fayil LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Da yake Windows ta ɓoye .vbs ɗin ƙarshe, mutane sun ga kamar wasiƙa ce kawai. Wa zai ƙi buɗe wasiƙar soyayya daga wanda ya sani? Kana buɗewa ya aika kansa ga duk wanda ke littafin adireshinka na Outlook, ya bi hotunanka ya rubuce kansa a kansu. Miliyoyin kwamfutoci suka kamu cikin 'yan kwanaki. Ɗalibin da ya rubuta shi, Onel de Guzman, bai yi ko kwana ɗaya na hukunci ba, don a lokacin ƙasar ba ta da dokar da ta kama laifin. Bairos ɗin shotkat na yau sau da yawa irin wannan rubutun .vbs ɗin ne, jikan wancan.

Mataki na 3: Fara wanke kwamfutar kafin filashin

In an riga an danna shotkat a kwamfutar, duk gyaran da ka yi wa filashi aikin baban giwa ne, kana gyarawa tana sake ɓatawa. Zare filashin. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Nemi wscript.exe ko Microsoft Windows Based Script Host, ka tsayar da shi. Shiga Startup ka kashe duk sunan da ba ka gane ba, musamman mai haruffa barkatai. Sannan ka buɗe Windows Security ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, ta yi bincike kafin cutar ta farka. Ka tabbata akwai caji.

Mataki na 4: Fito da kayan da aka ɓoye

Mayar da filashin, ka duba harafin da Windows ta ba shi. A ce E ne. Rubuta cmd a wurin nema, ka buɗe shi da Run as administrator, ka rubuta wannan daidai, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d E:\\*.*

Danna Enter ka jira. Ba zai ce maka komai ba, in ya gama sai ya sauko sabon layi. Abin da ya yi shi ne cire wa fayilolin alamar ɓuya da cutar ta liƙa musu. Sai ka biyo da wannan don share shotkat ɗin bogi:

del E:\\*.lnk

A kula da harafin nan, kada a rubuta C bisa kuskure. A filashin ƙanwata wata folda ce marar suna ta bayyana, fara fat, ko harafi ɗaya babu a ƙarƙashinta. Muka buɗe, ga babi huɗu suna zaune lafiya.

Mataki na 5: Kwashe naka, ka yi wa filashin fomat

Kwafe takardu da hotunan da ka sani kawai zuwa kwamfuta, ka bar sauran, ka yi fomat, wato ka share duk abin da ke cikin filashin. In wata takardar Word ta nemi ka danna Enable Content, ƙi. Ta wannan ƙofar cutar Melissa ta shiga a watan Maris na 1999, tana aika kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshi.

Daga yau kuma, in za ka buga takarda, mayar da ita PDF ka tura wa mai shago ta WhatsApp ko imel. Kwamfutar da filashi ɗari ke shiga a yini ba wurin soka naka ba ce.

Mataki na 6: Bar Windows ta sabunta kanta

Na san data tana tsada, na kuma san masu gyara da yawa suna kashe Windows Update tun ranar da suka ɗora maka Windows. Kunna shi. Akwai cutar da ba ta buƙatar ka danna komai, ita ce ake kira tsutsa, don da kanta take rarrafawa ta hanyar sadarwa. Ta Robert Morris a Nuwamba 1988 ta durƙusar da kwamfuta kusan 6,000, wajen kashi ɗaya cikin goma na intanet ɗin lokacin. Slammer ta 2003 girmanta bait 376 kacal, ta kama kusan 75,000 cikin minti goma, alhali maganinta ya fito wata shida kafin nan. WannaCry ta 12 ga Mayu 2017 ta kulle kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe 150, tana neman fansar dala 300, asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ita ma maganinta yana nan tun watan Maris, ba a ɗora ba ne. Mai Windows 7 ya sani an daina aiko masa da gyara tun Janairu 2020.

Mataki na 7: Ajiye kwafi a inda ba ya jone da komai

Filashi na biyu ko hadis (hard disk) na waje, a kwafe a zare a jefa a durowa. A watan Yuni 2017 NotPetya ta taso daga Yukiren ta shafe kwamfutocin Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwan dakon kwantena. Manyan kwamfutocin da ke riƙe da rajistar shiga tsarin kamfanin duk suka tafi lokaci guda, saboda a jone suke da juna. Aka yi ta buga waya ofis-ofis a faɗin duniya, sai aka samu guda ɗaya da ta tsira a Ghana: an ɗauke wuta kafin harin, ba ta dawo kan layi ba sai da ƙura ta lafa. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, don haka ɗaya ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aikinsa a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Ingila, inda aka sake gina tsarin kamfanin daga kansa.