Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da hoton rana ya zama daren farin wata

Hoton farko da na haɗa irin wannan na Dutsen Zuma ne. Na ɗauke shi da la'asar daga bakin titin Kaduna zuwa Abuja, na cire sararin samaniya, na sa wani baƙi mai taurari, na ɗora jinjirin wata a kusurwar hagu, sannan na zuba shuɗi a kan komai. Ina ta murna na kai wa kakata. Ta kawo wayar kusa da ido, ta ce, "Kai, wannan watan naka taurari ne a cikinsa?" Na duba, ga taurari uku zaune a ɓangaren watan da ke duhu.

Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Wata dunƙulallen abu ne, ɓangaren da bai haska ba yana nan daram, kuma yana tare duk tauraron da ke bayansa. Gyaran ba wuya: zana cikakkiyar da'ira daidai girman watan, cika ta da launin sama, ka sa ta a kan leyar taurari, ƙarƙashin jinjirin (leya ita ce kowane shimfiɗi na hoto da ake ɗorawa a kan wani a manhajar gyaran hoto).

Amma babbar matsala, wadda ta fi kowace kashe hoto, ita ce inuwa. Hoton da ka ɗauka da rana ya riga ya faɗi inda haske yake. Kowane dutse, kowace kuka, kowace katanga ta jefa inuwarta gefe guda. Idan ka ɗora wata a gefen da inuwar ta faɗa, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne ba. Labarin almara ya yarda ka sa wata biyu ko fada a kan gajimare, amma bai yarda inuwa ta nufi wajen haske ba.

Don haka kafin ka taɓa launi, buɗe leya fanko, ka ja layi daga ƙarshen kowace inuwa zuwa kan abin da ya jefa ta. Inda layukan suka nuna, nan wata zai zauna. In wurin bai yi maka ba, juya hoton hagu ya koma dama, sai dai ka kula da rubutun allo da wuraren da mutane suka haddace siffarsu. Abin da ya fi duka sauƙi shi ne ka ɗauki hoton ranar da hadari ya rufe rana, ko bayan faɗuwarta kafin duhu ya shigo, lokacin da babu inuwa mai kaifi. Sai ka zana hasken da hannunka yadda kake so.

Ga wani abu da mutane ke mantawa: idan watan yana cikin hoton, to yana bayan dutsen da bishiyoyin ne. Fuskarsu da ke kallonka ita ce mai duhu, bakin gefensu ne kawai zai yi ɗan zaren haske, inuwa kuma ta taho wajenka. Ɗauki burushi mai laushi, rage ƙarfinsa sosai, ka bi gefen da ke fuskantar watan a hankali. Wannan ɗan zaren shi ke sa a yarda dare ne.

Shi kansa jinjirin wata a lura da kwanciyarsa. A nan wajenmu, idan ya tsaya a yamma bayan magariba, kwance yake kamar ƙwarya, haskensa na kallon ƙasa inda rana ta faɗi. Hotunan da ake saukewa daga intanet da yawa a Turai aka ɗauke su, inda ya fi miƙewa tsaye. Juya shi. Kuma jinjiri ba ya haska gari. In farin wata kake so wanda ake tatsuniya a cikinsa, watan daren 14 za ka sa.

Sai maganar shuɗi. Hasken wata hasken rana ne da ya dawo, kuma a ma'aunin launin haske yana wajen kelbin 4,100, ya ma fi na tsakar rana karkata zuwa ja. Idonmu ne ke ganin sa shuɗi-shuɗi, domin a cikin duhu ja yakan riga sauran launuka dushewa. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura da haka tun 1819. Saboda haka fara da rage ƙarfin launuka, musamman kore da ja. Bayan nan ka rage haske da kayan lanƙwasa haske da manhajojin Photoshop da GIMP ke kira Curves, kana janyo wurare masu haske ƙasa ba tare da ka binne masu duhu ba. Shuɗin a ƙarshe, kaɗan. Ni nakan bar wuta guda mai ɗumi, ko taga ko fitilar mai shayi can nesa. Launin ruwan lemu na wutar nan yana sa shuɗin ya fito ba sai an ƙara shi ba.

Farin zobe a gefen ganye ma yana tona asiri. Ka duba ganyen giginya ko rassan kuka bayan ka cire sama, za ka ga ragowar hasken rana ya manne musu. Tun 2020 Photoshop ke da hanyar canja sama da dannawa ɗaya, amma kada ka yarda da ita ido rufe. Kusanto da hoton sosai ka duba. Kada ka yi aiki da abin gogewa, domin abin da ka goge ya tafi. Yi amfani da mayafin leya, wanda baƙi ke ɓoyewa fari ke dawowa. In bishiyar ta fi sama duhu, sa leyar sabon saman a kan Multiply, wato yanayin haɗa leya da ke duhunta wurare masu haske, zoben zai nutse da kansa.

Nisa kuma yana da launinsa. Tsaunin da ke can baya ya fi na kusa dushewa, yana kusantar launin sama, kamar yadda hazo ke yi a hunturu. Taurari ma suna raguwa idan suka kusa ƙasa, kuma ba girmansu ɗaya ba. In akwai ruwa, kwafin saman da ka kife a cikinsa ya fi na ainihi duhu, hasken wata kuma ya zama doguwar hanya mai karyewa.

Watan gaskiya ƙarami ne, rabin digiri kawai, kan ɗan yatsa zai rufe shi in ka miƙa hannu. Ƙara masa girma yadda ka ga dama, amma ka bar gajimare ya gifta ta gabansa, dutse ya ɗan ci gefensa.

Kuskure na ƙarshe yakan bayyana ne bayan ka tura hoton. Saman da ke sumul a kwamfuta sai ya fito layi-layi a waya, domin hoto mai bit 8 (ma'aunin zurfin launi) matakai 256 kawai yake da su a kowane launi. Yi aikin a bit 16, ka yayyafa ɗan ƙura, wato ƙananan ɗigo-ɗigo da ake kira noise, iri ɗaya a kan dukkan leyoyi don su zama kamar kyamara ɗaya ce ta ɗauke su. Sannan ka tura wa kanka ta WhatsApp, ka rage hasken wayar, ka duba ko har yanzu ana iya rarrabe dutse da sama.