Tafiyar kwalekwale mai inji a kogin Shari: lodi, mai da karatun ruwa

Daga garin Kusiri na Kamaru, inda kogin Logon ke zuba cikin Shari gaban Injamena, jirgi kan gangara ta Gulfe da Blanguwa har tafkin Cadi. Kogin shi ne iyakar Kamaru da Cadi a nan, saboda haka katin shaida ya kasance a jikinka cikin leda, don jandarma na iya tsayar da ku a kowace gaɓa. Ruwa kan kai maƙura a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi ƙasa sosai a Afrilu da Mayu. Lokacin cikowa itatuwan da ruwa ya tumɓuko ne abin tsoro, da rani kuma tudun yashi.

Lodi shi ne ran tafiyar. Buhunan masara, siminti da jarkokin mai su sauka ƙasa a tsakiya, bisa katakan da aka shimfiɗa don kada su jiƙe. Kwalayen banda da tabarmi su hau sama, a rufe da tamfol. A bar gurbi guda buɗe wajen baya, inda yaron jirgi zai riƙa kwarfe ruwa. Bayan kowa ya zauna, miƙa hannu ka auna daga bakin katako zuwa ruwa: in bai kai taƙi biyu ba, a rage kaya, ko mai kayan ya ji haushi. Jirgin da ya nutse da lodi ba ya buƙatar guguwa, igiyar ruwan wani jirgi da ya gifta ta isa ta cika shi.

Injin Yamaha Enduro mai doki 40 ana gauraya masa fetur da man inji kashi 50 da 1, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji kuwa ninki biyu na man injin ake zuba masa a awa goman farko. Man ya yi kaɗan, fistin ya ƙone. Ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, inji ya riƙa tari. Fetur ɗin kwalba a tace shi da ƙyalle. Da an tayar, duba siririn ruwan da inji ke fitsararwa ta baya. In ya ɗauke, kashe nan take: leda ko ciyawa ta toshe mashigar ruwan sanyaya, ko yashi ya cinye robar famfon. Riƙe fulogi biyu, farfela ta ajiya, igiyar tayarwa, filafili da doguwar gora.

A kwanar kogi, zurfi yana gefen waje inda gaɓa ta yi tsaye, yashi kuma na taruwa ta ciki. Ruwan da ke ƙananan ƙyalƙyali ya yi haske, ba shi da zurfi. In jirgi ya hau yashi kada a ƙara wuta; a ɗaga inji, fasinjoji su matsa ɓangaren da ke kan ruwa, a tura da gora ta inda aka shigo.

Dorina mai ɗa ba a ratsa tsakaninta da zurfin ruwa, a ba ta fili. Da hunturu a tashi da asuba, domin iska kan taso da hantsi, musamman kusa da bakin tafki. Kafin la'asar sakaliya a nemi garin kwana, a ɗaure jirgi gabansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, a kuma tambayi masunta da jami'an tsaro halin hanyar gaba kafin a doshi Darak, garin da ke tafkin Cadi ta ɓangaren Kamaru.