Kurakuran da gidajen rediyon ɗalibai suka fi yi wajen neman lambar yabo, da yadda za a gyara su

Kaduna gari ne da ya daɗe da sabawa da rediyo, inda gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa ya fara aiki a 1962, kuma a yau manyan makarantun jihar suna da nasu tashoshin da ɗalibai ke koyon aiki a cikinsu, irin su KASU FM na Jami'ar Jihar Kaduna, da Spider FM na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ABU FM na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Abin da za a faɗa a nan bai keɓanta da ɗaya daga cikinsu ba, domin kurakurai ne da kowace tashar ɗalibai kan iya faɗawa ciki idan ta tashi neman lambar yabo, kuma akasarinsu ana tafka su ne watanni kafin a buɗe gasar.

Mafi tsada a cikinsu shi ne rashin adana shirye-shirye. Sau da yawa shirin da ya fi kowanne kyau a zangon karatu na kai-tsaye ne, ya fita iska ya wuce ba wanda ya naɗe shi, ko kuma an naɗe shi a kwamfutar ɗalibin ajin ƙarshe, wanda ya kammala karatu ya tafi bautar ƙasa da ita. Idan sanarwar gasa ta fito sai a shiga buge-bugen waya ana neman abin da ya riga ya ɓace. Gyaran ba shi da wuya, amma yana bukatar a mayar da shi ƙa'ida: a naɗi kowane shiri daga na'urar haɗa sauti ta situdiyo, ba da wayar da aka kara a jikin lasifika ba, a sa wa kowane fayil sunan shirin da ranar da ya fita da sunan mai gabatarwa da na furodusa, sannan a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ɗaya a hannun ma'aikacin dindindin na tashar. Kundin da ake rubuta abin da ya fita iska a kowace sa'a shi ma hujja ne, domin masu shirya gasa kan nemi shaidar cewa an watsa aikin a cikin lokacin da suka iyakance. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, wadda aka kafa a 1992 kuma ita ke ba da lasisin tashoshin makarantu, dama tana bukatar irin wannan ajiya, saboda haka ba ƙarin aiki ba ne.

Sai kuma aika aiki inda bai dace ba, saboda ba a karanta sharuɗɗa ba. Lambar yabo ta Wole Soyinka, wadda ake bayarwa tun 2005 kuma take da rukunin rediyo, ta binciken ƙwaƙwaf ce, don haka hirar nishaɗi komai daɗinta ba ta da gurbi a can. NMMA da DAME, wato gasannin lambar yabo na kafofin watsa labaran Nijeriya, fage ne da ƙwararrun 'yan jarida ke fafatawa, kuma wajibi ne a duba sharuɗɗan kowace shekara a ga ko aikin ɗalibi zai shiga. Ranar Rediyo ta Duniya, 13 ga Fabrairu, da Ranar Rediyon Ɗalibai ta Duniya da ake yi a watan Oktoba, dama ce ta yin shiri na musamman da zai sa a san tashar a wajen harabar makaranta. Ya kamata tun farkon shekarar karatu a ɗora wa mutum ɗaya alhakin tattara ranakun rufe karɓar aiki da tsawon sautin da kowace gasa ta yarda da shi.

Zaɓen abin da za a aika shi ne inda aka fi bukatar natsuwa. Ɗalibai kan zaɓi shirin da ya fi samun kiran waya, wato na gaishe-gaishe da zaɓen waƙoƙi, alhali alƙali ba farin jini yake aunawa ba. Wasu kuma sukan kwaikwayi manyan tashoshin gari, su yi sharhi a kan siyasar ƙasa da ba su da hanyar samun bayananta. Ƙarfin tashar ɗalibai yana cikin labarin da ita kaɗai ke kusa da shi: matsalar ruwa a ɗakunan kwana, kuɗin motar da ɗalibi ke kashewa kullum daga Kawo ko Rigasa zuwa makaranta, ko yadda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya shafi masu sayar da abinci da masu shagon buga takardu a bakin ƙofar jami'a. Irin wannan rahoto yana bukatar muryoyin waɗanda abin ya shafa, da kuma ɓangaren hukumar makaranta, domin rahoton da ya ji gefe ɗaya kawai ba ya wuce zagayen farko. A kuma kula da minti na farko. Al'adarmu ta jero gaisuwa ga shugaban jami'a da shugaban sashe da iyayen gida tana da muhallinta, amma alƙalin da ke da tarin ayyuka a gabansa yana son ya ji labarin tun daga jimlar farko.

Akwai wani zato da ya kamata a yi watsi da shi, wato cewa sai shirin Turanci ne ke cin gasa. Wannan zato kan sa a ajiye rahoton Hausa mai rai, wanda mutane suka faɗi abin da ke ransu da harshensu, a aika na Turanci da aka karanta daga takarda. Matuƙar sharuɗɗa ba su hana ba, a aika na Hausar tare da rubutacciyar fassara da ke nuna mintin da kowace magana ta faɗo, kuma a ba malamin da ya ƙware a harsunan biyu ya duba ta.

Batun sauti a taƙaice yake: ƙarar janareto, da muryar baƙo da ta yi ƙasa da ta mai gabatarwa, da kiɗan da ya danne magana, duk ana gane su idan aka saurari aikin a ƙaramar waya kafin a tura. Kiɗan da ba a da izinin amfani da shi kuma a cire shi.

Lambar yabon da ake saye ita ce ta fi zubar da mutunci. Takarda kan zo ofis tana taya tasha murnar zama gwarzuwar shekara a gasar da ba ta shiga ba, sannan a ƙasa a nemi kuɗin tebur ko na talla a mujallar biki. 'Yar'uwarta ita ce wadda ake cin ta da yawan ƙuri'un da ake biya ta waya. Gasa ta gaskiya tana bayyana alƙalanta da ma'auninta da waɗanda suka ci a baya, kuma idan tana karɓar kuɗin shiga, kafin tantancewa take karɓa daga kowa. Duk wadda ta sanar da nasara kafin ta saurari aiki, a ba ta haƙuri.

Idan kuma an dace, rigima kan taso a kan sunan wanda ya yi aikin. Ba daidai ba ne manajan tasha ya hau dandamali shi kaɗai, alhali ɗalibar da ta yi yawon ɗaukar muryoyi da ɗalibin da ya tace sautin ba a ko ambace su ba. A rubuta sunan kowa da aikinsa a takardar shiga gasa, a daidaita yadda za a raba kyautar kuɗi kafin a tura aikin, a kuma ba kowane ɗalibi kwafin takardar shaida da wasiƙar shugaban sashe, domin su zai nuna ranar neman aiki. Wajen sanarwa a bambance tsakanin shiga jerin waɗanda aka tantance da lashe gasar, a faɗi rukunin da shekarar daidai. Kwafin aikin da aka aika, da takardar shiga, da duk bayanin da alƙalai suka maido, a haɗa su a fayil ɗaya a miƙa wa ɗaliban da za su karɓi tashar a zango mai zuwa.