Yadda za ka zaɓi abin ajiyar hotunanka ba tare da an haɗa ka da jabu ba

Idan wayarka ta kai matakin da kullum sai ka goge wani abu kafin ka ɗauki hoton suna ko na sallah, toh lokaci ya yi da za ka nemi inda za ka kwashe hotunan nan. Matsalar dai ita ce yawancinmu a nan Garwa da Marwa shiga kasuwa kawai muke yi mu ce a ba mu mai girma, mai shago ya miƙo wani kile na USB an rubuta 2TB a jikinsa da ɗan kuɗi kaɗan, mu biya muna murna. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko ka san nawa kake da shi. Shiga saitin wayar ka duba wajen ajiya, za ka ga hotuna da bidiyo sun ci GB nawa. Hoton waya na yau da kullum bai cika wuce MB 3 zuwa 5 ba, kenan 1TB, wato GB 1000, zai ɗauki hoto sama da dubu 200. Bidiyo ne ke cinye wuri, minti ɗaya na 4K zai iya lashe MB 300 da ɗori, su kuma masu ɗaukar hoton biki da babbar kyamara a RAW, wato hoton da ba a matse ba, hoto ɗaya MB 25 ko fiye. Abin da ka samu ka ninka shi uku, shi za ka nema. Kuma kar ranka ya ɓaci in ka jona 1TB a kwamfuta ta nuna maka GB 931, haka lissafin Windows yake, ba cuta ba ce.

Na biyu, wane iri? Kile ɗin USB da memori kad na ɗauko abu daga nan zuwa can ne, ni dai ba zan ba ka shawarar ka damƙa musu hotunan iyayenka ba, suna mutuwa ba sallama kuma ɓacewa ba ta yi musu wuya. Zaɓin gaskiya tsakanin biyu yake. Akwai disk dur ɗin nan na aljihu irin su WD My Passport, Seagate da Toshiba Canvio, a cikinsa wani faifai ne ke juyawa da ɗan allura mai karantawa, yana da arha idan ka duba girmansa, saurinsa wajen MB 100 zuwa 130 a sakan, amma fa in ya faɗi ƙasa yana cikin aiki shikenan sai addu'a. Sai SSD irin Samsung T7 ko SanDisk Extreme, shi babu abin da ke motsi a cikinsa, T7 na kai wa MB 1050 a sakan, ƙarami ne, baya jin jijjiga, sai dai kuɗinsa ya fi ciwo sosai. In kai mai yawo ne a kan moto, ko mai hoto da ke bin hanyar Marwa zuwa Kuseri da kaya a jaka, ka daure ka sayi SSD. In kuwa a gida zai zauna cikin durowa ana fito da shi sau ɗaya a wata, disk dur ya ishe ka, ka ma fi cin riba.

Na uku ka duba bakinsa da abin da za ka jona shi. USB 3.0 ka nema ko sama da haka, yawanci cikin bakin shuɗi ne, USB 2.0 kam zai sa ka kwana kana jiran kwafi. Wanda ba shi da kwamfuta sai waya, nan ma SSD ko kile mai bakin Type-C ya fi, don wayoyi da yawa ba sa iya ba disk dur wutar da za ta juya faifansa, sai ka ji yana ƙas ƙas ya ƙi buɗewa. Wayar kuma sai tana karɓar OTG, wato damar jona mata abin USB, a wasu Tecno da Infinix sai ka kunna shi da hannunka a saiti. iPhone daga 15 ne, wato 2023, suka koma Type-C, na baya sai da adafta.

Yanzu ga inda ake kuka. Jabu ya cika kasuwa, ba a nan kaɗai ba har Injamena da ko'ina, kuma dabarar da suke yi ta mugunta ce: su ɗauko ƙaramin memori mai GB 16 ko 32 su sauya masa bayani ya riƙa nuna 1TB ko 2TB, ka zuba hotuna yana karɓa, sunayensu duk suna nan reras, ashe da ya cika sabbi na hawa kan tsofaffi ne ko suna tafiya iska, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar babu komai. Kwali mai kyau ba hujja ba ne. Idan farashin ya yi arhar da kai ma ka yi mamaki, ajiye masa kayansa. Ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya, ka ce Alhaji zan je in gwada, in bai cika ba zan dawo da shi, kuma ya rubuta maka rasit da lambar da ke jikin abin. Wanda ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa. Gwajin kuma da wata 'yar manhaja ce ta kyauta a Windows mai suna H2testw, tana cika abin taf da bayanai sannan ta karanta ta gaya maka ainihin girmansa. Tana ɗaukar awanni in abin babba ne, don haka ka yi da laftof mai caji saboda ɗaukewar wuta. In na hannu ne za ka saya, CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da ko lafiyarsa ƙalau, duk da ni wallahi ban cika son na hannu a wannan harkar ba.

Da ya ci gwaji sai ka yi masa fomat a tsarin ajiya na exFAT, shi Windows da Mac da yawancin wayoyin Android na yanzu duk suna karantawa. FAT32 baya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4, bidiyon biki zai maƙale. Fomat yana share komai, saboda haka kafin zuba hotuna ake yi. Wajen kwashewa kuma da kebul za ka yi kai tsaye daga folda DCIM inda waya ke ajiye hotuna, kar ka tura wa kanka ta WhatsApp don matse hoton yake yi ya rage masa kyau. Ka ware su shekara-shekara, 2023, 2024, a ciki ka sa suna ko biki ko sallah.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne, in ka kwashe hotuna zuwa disk sannan ka goge na waya, har yanzu kwafi ɗaya gare ka, wurin zama kawai ka canza masa. Dole a samu na biyu. In kuɗinka na SSD ɗaya ne mai tsada, gara ka sayi disk dur biyu, ɗaya a gidanka ɗaya wajen yayarka ko wani ɗan uwa a wata unguwa, duk wanda ya ga ambaliyar 2024 a Yagwa ya san dalili. Hotunan da suka fi muhimmanci kuma ka ɗora a Google, suna ba da GB 15 kyauta amma haɗe yake da Gmail ɗinka, kuma data zai ci.

Zafin watan Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 ba abokin waɗannan kaya ba ne, kar a bar shi cikin mota ko kusa da kwanon rufi, a sa shi a 'yar jaka mai zif saboda ƙurar hunturu. Kafin ka zare sai ka danna cirewa a kwamfutar, kuma duk bayan wata uku ko huɗu ka jona shi ka buɗe wasu tsofaffin hotuna ka ga ko suna buɗuwa, in ɗaya ya fara gardama ka sayi wani ka kwafe daga na biyun tun a makon.