Kare kai a idon doka: inda muka fi yin tuntuɓe

A unguwannin Bolari ko Jekadafari na garin Gombe, da zarar an yi rigima an zub da jini, maganar da dangi ke fara yi a caji ofis ita ce, "Ranka ya daɗe, ai kare kansa ya yi." Har zuciyarsu suke faɗa. Sai dai kare kan da muke nufi a majalisar hira ya fi wanda alƙali ya sani faɗi, kuma a wannan giɓin ne matasanmu ke faɗawa gidan yari.

Haƙƙin yana nan daram. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da shi, haka ma Fenal Kod, wato dokar laifuffuka ta Arewa, da ya fara aiki a 1960, daga sashe na 59 zuwa gaba. Kana iya kare jikinka, da jikin wani ko da ba ka san shi ba, da dukiya. Amma yana da iyaka.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne haɗa kare kai da ramuwa. A ce ɗan Kalare, wato ɗan daba, ya tare ka da gora a lungu, kuka yi kokawa, ka ƙwace gorar, ya zube ƙasa ko ya ranta a na kare. Daga wannan lokacin haɗari ya kau, haƙƙinka ma ya bi shi. Dukan da ka ƙara masa yana kwance, ko bin sa da ka yi har bakin titi, sabon laifi ne, kuma naka ne. Na san abu ne mai wuya, jini ya riga ya hau, jiki na rawa. Duk da haka a daidai nan shari'a ke juyawa. Sunday Jackson, manomi daga Adamawa maƙwabciyarmu, ya ce makiyayi ne ya fara kai masa wuƙa a gona. Kotu ta ga cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar tserewa amma ya kashe makiyayin, kuma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa. Jama'a da dama sun ga an tsaurara, ni ma raina ya sosu, amma ma'aunin ke nan. In ka ƙwace makami, ja da baya, ka yi ihu a kawo ɗauki.

Sai batun gwargwado. Sashe na 62 na Fenal Kod ya hana yin ɓarnar da ta wuce bukata. Mari ba a tare shi da adda. Kariyar da za ta kai ga kisa sai in akwai fargabar mutuwa ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum. "Mummunan rauni" kuwa ba duk ciwo ba ne. Doka ta lissafa: rasa ido ko ji, karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori, nakasa fuska, ko ciwon da ya hana mutum harkarsa kwana 20.

Wajen dukiya ma ana ruɗewa. Fashi, ko fasa gida da dare, ko cinna wa gida wuta, hukuncinsu daban, don a kansu ma kariya na iya kaiwa ga kisa. Yaron da ya fizge waya a Babbar Kasuwa ya gudu ba ya cikin wannan sahu. 'Yan sintirin unguwa su ji da kyau: wanda aka kama aka ɗaure ba ya barazana ga kowa, taron dangin da aka yi masa bayan nan ba kare kai ba ne, kisa ne in ya mutu. A miƙa shi ga 'yan sanda.

"Shi ya tsokane ni" kuma wata ƙofa ce dabam. Tsokana mai tsanani da ta zo kwatsam tana iya sauke hukunci daga kisa zuwa ɗauri, a ƙarƙashin sashe na 222 na Fenal Kod, amma ba ta wanke mutum. Wanda ya koma gida ya ɗauko wuƙa ya dawo, ko wannan sassaucin da wuya ya samu, don ya sami lokacin hucewa.

In abin ya riga ya faru, kada a ɓoye makami, kada a gudu ƙauye. A je asibiti a rubuta raunukan da ke jikinka tun suna ɗanye, a riƙe sunayen waɗanda suka gani. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka damar yin shiru har ka gana da lauya, saboda haka kada ka sa hannu a bayanin da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba.